Kifin da Ya Kusa Hucewa a Bakin Tekun Jidda

Da wuya mako ya wuce wani saurayi bai same ni a ƙofar gida a unguwar Kurayyat da ke Jidda ba, makullin mota a hannu, ya ce, "Ammu Haruna," wato Baffa Haruna, "ni ma ina so in shiga harkar baƙi." In na tambaye shi abin da ya sani game da ita, amsar ba ta canzawa: ka ɗauko mutane a masauki, ka nuna musu teku, ka saya musu kifi, halas, wato shi ke nan. Sai in ce masa ya zauna ya sha shayi, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Ga sana'ar a taƙaice. Mutanenmu na Najeriya da Nijar in sun gama Umra sukan sami kwana ɗaya ko biyu a Jidda kafin jirginsu ya tashi. An sauke nauyin ibada, zuciya ta yi sanyi, yanzu suna so su ga gari. Ni kuwa yini nake sayar musu. In zaga da su Balad, wato tsohon gari, in kai su kasuwa, da la'asar in shimfiɗa musu tabarma a bakin teku in aje musu kifin da ni da kaina na zaɓo da asuba. Amma ba baƙin ne ke riƙe da sana'ar ba, masu ayari ne, mutanen da ke kwaso su daga gida su yi musu jagora. Mai ayari ɗaya in ya yarda da kai, ka sami aikin shekaru. In ka ɓata masa, ba zai faɗa maka ba. Bahaushe baƙo ba ya kushe abincin da aka aje masa. Zai ce, "Alhamdulillahi, mun gode, Allah ya saka," ya shiga mota, daga ranar ko kiran wayarka ba zai ƙara ɗauka ba. Na taɓa zuwa gaɓar da sana'ata gaba ɗaya ta rataya a kan mai ayari guda da kifi guda. Zan zo kan wannan, amma sai kun san inda na faro.

A unguwar Nuzla, nan Jidda, aka haife ni. Mahaifina ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina ya zauna, ni kuma na tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a waje. Aikina na farko a kasuwar kifi ɗaukar ƙanƙara ne, a wurin wani dillali Bahadrame, mutumin Yaman, da muke kira Ammu Salim. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya koyarwa da baki. Yakan ɗauko kifi biyu iri ɗaya ya aje a gabana, ya ce in rufe ido in sunsuna, in faɗa masa wanne ya kwana. In na kuskure ba ya faɗa, sai dai ya naɗe min wanda ya kwanan ya ce in kai gida mu ci. Bayan mahaifiyata ta yi min tsiya sau biyu sau uku, hancina ya buɗe. A wurinsa na koyi duba idon kifi ko ya dushe, da ɗaga kunnensa a ga ko cikin ja ne jawur ko ya koma ruwan ƙasa, da danna tsoka da yatsa a ga ko za ta taso. A wurinsa kuma na koyi tsayuwar gwanjo. Da asuba masunta ke zube kamunsu, mai shela yana kiran farashi, dillalai sun kewaye. Ammu Salim ba ya taɓa kallon kifin da yake so. Sai ya tsura wa na kusa da shi ido, yana taɓe baki, har sai an zo kan nasa ya ɗaga yatsa ɗaya kamar mai korar ƙuda.

Wata safiya ina wanke teburinsa sai na ji Hausa a bayana. Wasu alhazai ne daga wajen Sakkwato, sun toshe hanci da bakin rawani, wani mai tebur yana ta tura musu kifin da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Na yi musu sallama. Babbansu ya riƙe hannuna kamar ya tsinci ɗan'uwansa, ya ce, "Yaro, don Allah fid da mu daga hannun mutumin nan, tun ɗazu muke cewa a'a yana ƙara aunawa." Na zaɓar musu mai kyau, na kai wurin masu kankare ɓawo, na kai wurin masu suya da ke cikin kasuwar, sannan na ce tunda ga teku nan kusa, me zai hana su ci a bakinsa. Suka ci, suka yi sallar la'asar a wurin, suka ƙi tashi sai da rana ta faɗa ruwa. Da suka koma gida suka ba wasu labari, wasu suka zo suna tambayar Haruna mai kifi. Da na faɗa wa Ammu Salim zan fita in tsaya da ƙafata, sai ya ba ni tsohuwar kularsa ta ƙanƙara, ya ce, "Ruh, Allah ma'ak, je ka, Allah na tare da kai. Amma kada ka tsaya kusa da ni a gwanjo, na san idonka."

Ciyar da mutumin tudu kifin teku aiki ne mai zaman kansa. Wanda ya saba da tarwaɗa da karfasa, ranar da ya ga harid, wani kifi kore da shuɗi mai baki kamar na aku, ja da baya yake yi. Wata Hajiya daga Zinder ta taɓa tambayata, da gaske ba da wasa ba, "Malam, wa ya rina shi?" Na ce haka Mai shi ya yi shi. Ta ce to a bar wa Mai shi abinsa, ita a ba ta mai kalar kifi. Jatan lande kuwa, in na aje shi, mata sai su tattare zani su ce ƙwari ne. Na daɗe ina asararsa kafin in gano hanya. Yanzu sai in ce, "Hajiya, kina cin fara?" Ta ce, "Ina ci mana, da yaji." In ce, "To ga 'yar'uwarta ta ruwa, ga kuma yajin." Kafin a jima sai ka ji ana cewa a miƙo sauran. Shinkafar da muke haɗawa da kifi a nan, sayadiyya, launinta ruwan ƙasa ne saboda soyayyar albasa. In ban riga na faɗa ba, kallon ƙonanniya ake mata. Miyar tsamiya ce kaɗai ba ta taɓa ba ni wahala ba, kowa ya san tsamiya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne in babu shi sai ka ji a jikinka. Kula biyu, ɗaya ta ƙanƙara ɗaya ta riƙe zafi. Tabarmi masu kauri, don ƙasar bakin teku tana riƙe zafin rana har magariba. Ledar shimfiɗa abinci. Butoci da sabulu da lemon tsami na wanke ƙarni. Filas na shayi. Yajin ƙuli, wanda nake sa a kawo min daga gida, don na kanti ba ya gamsar da kowa. Sai farantai, manya da ƙanana, da yawa. Samari sukan yi dariya in sun ga tarin farantaina, su ce ai faranti ɗaya babba ya ishi mutum goma. Ya ishe su, in mutanen Jidda ne. Mu nan kowa zuba hannu yake yi, uba da ɗa, maigida da direba, ana yalla, tafaddal, wato zo, bisimilla. Mutanen gida ba haka suke ba.

Shi ya sa babban aikina ba a kasuwar kifi yake ba, a cikin mota yake. In na ɗauko ayari da safe, ba na zama gaba kusa da direba, baya nake komawa in kasa kunne. Muna zaga Balad, ina nuna musu dogayen gidajen da aka gina da dutsen teku da tagoginsu na sassaƙaƙƙen katako, ina tsayawa da su a ƙofar maƙabartar da ake cewa Nana Hauwa'u tana ciki su yi addu'a, ina raba su da masu turare da masu dabino, amma duk lokacin nan ina lura. Wa ke kiran sunan wa kai tsaye, wa ke sakayawa? Wa ke sunkuyar da kai in wane ya yi magana? Wa ya bar wa wa kujera? Kafin mu isa teku na riga na san wanda zai ci da wane, da wanda za a ware wa nasa a gefe ba tare da an ce komai ba.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe Umra, baƙi suka ɗauke ɗif. Da farko mun ɗauka abin na 'yan makonni ne. Da ya yi nisa na sayar da motata, na sallami mutum biyun da ke taya ni, na koma sayar da kifi gida-gida a Nuzla da Kurayyat, ana kirana a waya ina kaiwa a lokutan da aka yarda a fita. Tabarmi da farantai ma na sayar wa wani mai abinci, na bar tabarmi biyu da manyan farantai guda biyu kawai. Mun ci mun sha, ban roƙi kowa ba, amma wannan ba sana'ata ba ce. Da aka buɗe hanya baƙi suka fara dawowa, sai na tarar masu ayarin da na sani sun watse. Wani ya rasu, wani ya koma harkar taki, wasu kuma samari masu sababbin motoci da hotuna a waya sun riga ni gare su. Kafilina, wanda iƙamata, wato takardar izinin zamana, take hannunsa, mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da ni matuƙa. Amma ya kira ni ya ce, "Ya Haruna, in lokacin sabunta iƙama ya zo harkar nan ba ta tashi ba, ka zo sitona na kayan gini ka riƙe min ƙofa." Ba wulaƙanci ba ne, taimako ne. Sai dai ni na san in na zauna a kan kujerar ƙofar nan, ba zan ƙara tashi ba.

Ana cikin haka wani Alhaji Sanusi daga Gusau ya kira ni. Yana cikin manyan masu ayarin da suka rage, kuma bai taɓa aiki da ni ba. Ya ce wani tsohon baƙona ne ya ba shi lambata. "Wannan karon iyali na kawo, ba mu da yawa," in ji shi. "Ka yi mana yini ɗaya mu gani. In ya yi, sai mu yi magana." Na san abin da mu gani ke nufi. In ya ji daɗi, ayarinsa nawa ne. In bai ji ba, sai sito.

Ba mota, ba mataimaki. Na yi hayar ƙaramar bas da direbanta, wani ɗan Sudan mai suna Ɗayyib, na kwatanta masa inda zai zaga da su. Ni dole in tsaya kan kifi da kaina, daga gwanjo har wuta, don haka ranar ban shiga mota ba. Maiɗakina Zainabu ta ce za ta zo ta kula da tabarmar mata.

A gwanjon ranar na ga najil ɗin da ban ga irinsa ba tun kafin annoba. Najil shi ne sarkin kifin tekun nan, ja ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi, tsokarsa fara tas, ba ƙananan ƙaya. Wannan ya kai tsawon hannuna har kafaɗa, idonsa kamar yanzu zai ƙifta. Wani mai sayen kifi na gidan abinci ya tsaya a kansa. Na juya na tsura wa tarin kifin sha'ur na gefe ido ina taɓe baki, har ya saki jiki, da aka zo kan najil na ɗaga yatsa. Ya ƙara, na ƙara, ya dube ni ya ga ba ni da niyyar matsawa, ya ce, "Mabruk," wato barka, ya wuce. Na ɗebar wa mata hamur da sha'ur da jatan lande. Najil kuwa na ce wa mai gashin kifi kada ya yanka shi, a gasa shi ɗungurungum da tsamiya da tafarnuwa, ya fito da kansa da wutsiyarsa. Na tsaya a bakin tanda har ya nuna.

Na riga su isa bakin teku, na kama wuri mai kyau inda ake hango masallacin nan da aka gina a kan ruwa. Bas ta iso bayan la'asar. Alhaji Sanusi ya fara sauka, ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a, ya juya ya tallafo wani dattijo siriri mai farin gemu. Sai wani matashi magidanci da suke kira Nasiru, da wasu maza biyu, sai mata. Dattijon, Malam Isa, manomi ne daga wani ƙauye bayan Gusau, kuma bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Ya taka har bakin ruwa ya tsaya, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yafito ni.

"Kai ne mai kifin?"

"Ni ne, Baba."

"Ina ɗaya gaɓar?"

"Tana Sudan, Baba. Ba a hango ta."

Ya jinjina kai. "To duk ruwan nan, wa ke noman rani da shi? Ban ga ko kadada ɗaya ta albasa ba."

"Gishiri ne, Baba. Ba ya shuka."

Bai yarda ba. Ya sa Nasiru ya ɗebo masa a murfin gora, ya ɗanɗana, ya tofar, ya goge gemu. "Kai, asara!" ya ce. "Mu muna can muna haƙa rijiya kamu ashirin." Kowa ya fashe da dariya, har matan. Na ce a raina yau an fara da sa'a.

Na shimfiɗa leda, na zuba sayadiyya a babban faranti, na kwantar da najil a kai, turiri yana tashi. Zainabu ta ɗauki ɗaya farantin ta yi wajen mata. Maza suka wanke hannu suka kewaye, dattijo a sama. Alhaji Sanusi kuwa sai na ga yana ja da baya, yana laluben waya a aljihu, yana cewa su fara yana zuwa. Ni kuma kifin nan dominsa na saye shi. Sai jinin Jidda ya motsa min. Na kamo hannunsa da hannu biyu, na ce, "La wallah, Alhaji, ba inda za ka! Tafaddal, nan kusa da Baba, wurin manya." Na zaunar da shi gwiwa da gwiwa da dattijon, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran yabo.

Ba wanda ya miƙa hannu.

Dattijon ya ɗauko carbi ya mai da fuska wajen teku. Alhaji Sanusi ya sunkuyar da kai yana gyara bakin ledar da ba ta karkace ba. Sauran ba za su riga babba ba, suka zuba wa kifi ido. Nasiru kaɗai na ga kafaɗunsa suna rawa, ya cije leɓe, ya ce ƙasa-ƙasa, "Alhaji, bisimilla mana, ko azumin nafila aka ɗauka?" Alhaji ya harare shi ta gefen ido.

Na ce, "Bisimilla, Baba, yana hucewa."

"To, to, madalla," in ji dattijon. Bai motsa ba.

Abin da ya fara zuwa min shi ne kifin. Na durƙusa kamar zan gyara lemon tsami, na ja numfashi a kansa. Lafiya lau, ƙamshi kawai. Na waiga wajen mata, sai na ga hannuwa suna ta kai da kawowa, wata tana cewa a miƙo mata farar ruwan nan. Ashe ba daga wuta ba ne. Turirin najil kuwa yana ta raguwa, kuma najil in ya huce ya zama kifi kamar kowane kifi.

Na ɗauki filas na nufi tabarmar mata kamar mai kai shayi, na tsaya nesa kaɗan na kira Zainabu. Na ce ta binciko min abin da ke faruwa. Ta koma ta raɗa wa Hajiya Binta, matar Alhaji Sanusi. Hajiya Binta ta leƙa wajen maza, ta ga yadda aka zauna, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, jikinta yana girgiza don dariya. Zainabu ta dawo tana riƙe baki, ta kira ni da sunan 'yarmu yadda ake yi a nan.

"Abu Maryam, me ka aikata? Dattijon nan mahaifinta ne. Ta ce tun da aka yi aurensu Alhaji ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Ka haɗa suruki da suruki a faranti ɗaya, har da jan hannu!"

Nan take komai ya fito min fili. Alhaji ba zai ci a gaban surukinsa ba. Dattijon kuma ya san in ya fara, ya bar mijin 'yarsa zaune yana kallon hannuwan mutane, shi ya sa ya fake da carbi. Ba kuma wanda zai buɗe baki ya faɗa, don faɗar ta fi zaman nauyi. Ni ma ba zan faɗa ba. Ba zan kuma sa hannu in yanki kifin da na riga na aje a gaban babba ba. Faranti na uku kuwa babu.

Na aje filas, na je na russuna kusa da Alhaji, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Alhaji, afuwan. Direba yana son ganinka kan maganar kayan da za a kai filin jirgi gobe. Ya ce ba ta jira."

Ban taɓa ganin mutum mai jiki ya miƙe da sauri haka ba. Takalmin Nasiru ya zura a ƙafa ɗaya bai ma lura ba. Muka zaga bayan bas, inda Ɗayyib ke zaune a kan dakali yana shan shayi da burodi. Na ce masa ga Alhaji ya zo kan maganar kaya. Ya dube ni da mamaki. "Ni? Wane kaya?" Na ce ya ci gaba da shan shayinsa.

Alhaji Sanusi ya jingina da bas, ya cire hula yana fifita da ita. "Haruna, ka kusa kashe ni. Makka da Madina duk na bi da dabara ban ci a gabansa ba, sai a hannunka zan faɗi?"

Na ba shi haƙuri. Na leƙa ta gefen mota, na ga dattijon ya mai da carbi aljihu, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Hannuwa suka sauka a kan najil kamar an buɗe ƙofa. Wannan matsala ta kau, sai dai ga wata ta fi ta. Mutumin da hukuncina ke bakinsa yana tsaye bayan mota, bai ɗanɗana ko ƙwayar shinkafa ba, kuma abin da ya rage a kulata bai wuce yaji da lemon tsami ba. Ɗayyib ya gutsuro burodinsa ya miƙa masa. Alhaji ya karɓa ya ce, "Alhamdulillahi, ba komai, mun gode." Na san irin wannan godiyar. Ita ce wadda ba a ƙara ɗaukar waya bayanta.

Na koma wajen tabarma ban san abin da zan yi ba, na tsaya ina zuba wa mutane ruwa. Sai na lura dattijon daga wajen wutsiya yake ci, kuma da Nasiru ya kai hannu wajen kai, sai ya buge masa yatsu ba tare da ya dube shi ba. Can ya ɗago.

"Mai kifi, matso. Wannan dabbar taku, ina ne ya fi daɗi a jikinta?"

"Kai, Baba. Kumatun nan, da tsokar bayan wuya."

"Haka na yi zato. Na tarwaɗa ma haka yake." Ya sa hannu biyu ya ɓalle kan, ya haɗo da tsoka mai kauri har kusan tsakiyar baya. Ya waiga yana neman abin zubawa, ya ga murfin kulata, ya ce in miƙo. Ya shimfiɗa masa leda, ya tara shinkafa, ya ɗora kan kifin, ya kwarara miyar tsamiya.

"Kai wa direban nan," ya ce. "Tun safe yake fama da mu, bawan Allah." Ya ɗan tsaya, yana tsince ƙaya daga lomarsa. "In da wani a wurinsa, su ci tare. Ka ce kada su yi gaggawa. Maganar kaya ba a yin ta a tsaitsaye."

Nasiru ya ƙware da shinkafa, sai da aka bubbuga masa baya.

Na kai murfin bayan bas na aje a kan dakali, na maimaita saƙon kalma da kalma. Alhaji Sanusi ya dubi kan kifin, ya dubi wajen da surukinsa yake ko da yake mota ta tare, ya girgiza kai yana murmushi. Ya tattare babbar riga, ya tsuguna, ya ce wa Ɗayyib, "Malam direba, bisimilla, naka ne. Ni ɗan rakiya ne." Suka sa hannu. Da sauran zafinsa.  Alhaji ya ciro tsokar kumatu ya kai baki, ya rufe ido. Ya nemi yaji, na ba shi. Ya bi ƙasusuwan kan ɗaya bayan ɗaya yana tsotsewa, har Ɗayyib ya janye hannu ya bar masa fili. Da ya gama na zuba masa ruwa da lemon tsami ya wanke hannu. Rana ta kusa taɓa ruwa, ana jiyo dariyar dattijon daga can, yana ba su labarin wani abu.

"Haruna," in ji Alhaji, yana goge hannu, "farantai nawa gare ka?"

"Biyu, Alhaji."

"Ka nemo ƙari. Wata mai kamawa ina da ayari daga Ƙaura, bas biyu manya. Rabinsu dangin juna ne, sun yi auratayya har ba a san inda aka faro ba. Kuma ka shiga motar da kanka." Ya dubi ƙafarsa, sai lokacin ya ga takalmin. "Wannan kuma na wane ne?"

Washegari da hantsi na kira kafilina na yi masa godiya, na ce ya ba wani kujerar ƙofar sito. Daga nan na wuce Balad wurin masu kayan kwano. Mai shagon ya fara sauko min da manya, irin na biki. Na ce ya mayar, ƙanana nake so, duk abin da yake da shi.